Liman Ya Koma Dako

A farkon shekarar 1983 aka rufe sashen rini na masaƙar da mijina, Malam Muntari, yake aiki a Greensboro, a ƙasar Amurka. Shekara shida ya yi a wurin sanye da farar riga, yana auna ruwan launi a ƙananan kwalabe. Digiri biyu gare shi a kan wannan aiki. Bayan sallamar ya zauna gida wata biyar yana buga takardun neman aiki a tafireta, amsa kuwa iri ɗaya take zuwa: sun gode, babu gurbi.

Maƙwabcinmu Mista Odell, wani dattijo baƙar fata, shi ya kawo maganar Wilmington. Ƙanensa heluma ne a tashar jiragen ruwa ta can, tafiyar awa huɗu a mota daga gidanmu. Ya ce in mutum yana da ƙarfi a jika, kuma zai iya tsayuwa a ofishin ƙungiyar lebura tun asuba har a nuna shi da yatsa, to ba zai rasa aiki ba.

Na bari sai da Mista Odell ya fita.

"Malam, dako ke nan fa."

"Dako ne."

"Kai da ake kira Liman?"

"Liman ba ya cin tuwo ne, Kubura?"

Amma abin da na faɗa ɗin shi ne ainihin abin da ke raina. Hausawan Greensboro a lokacin ba mu kai gida goma sha biyu ba, yawanci malaman jami'a da masu neman digiri na uku. A cikinsu Malam ne mai hadda, don haka tun zuwanmu shi yake jan Juma'a a wani ɗaki da jami'a ta ara mana, shi yake jan Idi, shi yake raɗa suna. Ni kuwa ban taɓa shiga aji ba sai da na zo ƙasar nan, 'yarmu Bebi tana goye. A taron mata, inda kowace take da satifiket ɗinta, abu ɗaya ne yake sa a matsa mini a kan kujera: matar Liman ce. In aka cire wannan, ban san abin da zai rage mana a cikin mutane ba.

Ya fara a watan Yuni. Litinin zuwa Alhamis yana can, ya kama ɗaki tare da wasu lebura biyu. Ranar Juma'a ya taso da asuba, ya iso da hantsi, ya yi wanka, ya tafi ya ja salla.

Ranar da ya fara dawowa, tun bai buɗe ƙofa ba na ji. Na zaci ɓera ne ya mutu a ƙarƙashin gidan. Wani wari ne mai nauyi, ba na mushe zalla ba, ba ƙarnin kifi ba, akwai gishiri a cikinsa da wani zaƙi-zaƙi mai juya ciki. Bebi ta ruga za ta rungume shi, ta ja birki a tsakiyar ɗaki, ta toshe hanci da hannu biyu.

Da ya yi wanka ya zauna ya ba ni labari, ni kuwa na saurara kamar yadda na saba. Ya ce sabon shiga ba ya zaɓar jirgi. Tsofaffin hannu su kwashe jirgin taba da na katako, a bar wa sababbi jirgin ƙirgi. Ɗanyen ƙirgin shanu ne daga mayanka, an barbaɗe shi da gishiri, an naɗe, an ɗaure, za a kai wata ƙasa a jeme. Injin ɗaga kaya ya sauko da shi can ƙasan jirgi, su takwas suna ciki suna ja da ƙugiya suna jerawa. Ruwa yana tsiyaya daga ɗaurin, ruwan gishiri da jini da wani yauƙi, har ya taru ya kai idon sawu. Iska ba ta shiga. In rana ta take, ƙarfen jirgin ya ɗauki zafi, sai tsutsa ta fito.

"Ranar farko mutum uku suka yi amai," in ji shi, yana dariya. "Ni ne na biyu. Heluma ya leƙo daga sama ya ce, Farfesa, in ka gama ka ɗauki ƙugiyarka."

Ni ban yi dariya ba, domin ni ce mai wanki. Matar da ke kula da injinan wanki na unguwarmu ta ce kar in sake kawo mata kayan nan. Na koma bayan gida da baho. In wanke sau uku, in shanya kwana biyu, in na sauke warin yana nan, sai dai ya ɗan kwanta. Rannan na zura hannu a aljihun wandonsa na taɓa wani abu mai laushi. Tsutsa ce biyu, farare, ɗaya tana motsi. Na kakkaɓe su a gindin katanga.

Hannunsa ne ya fi damuna. Ya goge da lemon tsami, ya kankare ƙarƙashin farce da tsinke, ya shafa turare, sai turaren da warin su haɗu su haifi wani abu na uku da ya fi kowannensu muni. In na ajiye masa tuwo sai in ce na ƙoshi, in koma kicin in ci nawa a tsaye. Bai taɓa tambayata ba.

Jama'a sun san yana aiki a tashar jiragen ruwa. Sun ɗauka ofis ne, shi bai ce ofis ba ne, su kuma ba su tambaya ba. Ɗakin Juma'a yana da faɗi, tagogi a buɗe, kowa da turarensa. Da haka aka tafi har Agusta.

A watan ne Hajiya Aminatu, matar Dakta Abdulmumini, ta kawo mini daddawar da aka aiko mata daga Kano. Tana hawa baranda ta ci karo da takalman aikin Malam.

"Kubura, me ya mutu a gidan nan?"

Ni mai yawan shiru ce, shi ya sa in na fashe ba na sanin iyaka. Wata biyu ina haɗiye abin ni kaɗai. Na zaunar da ita na zazzage mata komai, ƙirgin, yauƙin, matar injin wanki, har tsutsar aljihu. Tana ji tana danna mayafi a hanci.

"Inna lillahi. Da wannan hannun yake shafa kan jariran mutane?"

"Hajiya, don Allah tsakanina da ke."

"Haba, ai ni kabari ce."

Babbar Sallah ta faɗo ranar Asabar, tsakiyar Satumba, zafi bai gama sauka ba. Kowace shekara a gonar wani tsohon Bature muke yi, a McLeansville. Shi yake sayar mana da raguna, ya bar mana bayan rumbunsa. Yadda aka saba kuwa shi ne, Malam ya ja Idi a kan ciyawa, ya yanka nasa da fari, tunda layyar kowa ba ta inganta sai liman ya yanka, sannan ya bi na sauran ya yanka, ya feɗe su duka. A gida kowannensu mahauta yake kira. A nan babu mahauta, sai Malam, wanda ya tashi a ƙauye a bayan Ɗambatta. Bana raguna shida ne.

Muna shimfiɗa tabarmi Dakta Abdulmumini ya nufo Malam, cikin babbar riga ta farar shadda wadda ko karin guga bai baje ba. Tare da shi akwai Alhaji Sanda, mutumin Maraɗi, makanike, wanda ya girme wa kowa a cikinmu. Sun ja shi gefe, amma ba su yi nisan da ba zan ji ba.

"Malam Muntari, barka da Sallah," in ji Dakta.

Bai ce Liman ba. Wannan na fara ji.

"Barkanmu dai, Dakta."

"Kwamiti ya zauna a kan maganar limanci."

"Muna da kwamiti?"

"An kafa, makon jiya. Ba don a ci mutuncinka ba ne, ka gane. Labari ya zo mana cewa aikin da kake yi, fatar mushe kake dama da hannu yini guda. Shanun nan harbe su ake yi, ba yanka ba. Najasa ce. Mutane suna ta waswasi a kan sallolinsu na baya."

"Ruwa yana kawar da najasa," in ji Malam, a hankali. "Warin da ya ƙi fita bayan an wanke, an yi rangwame a kansa. Ni na karantar da ku wannan babin bara, Dakta. Kana zaune a damana."

"Ba maganar babi ba ce kawai. Akwai yadda ake kallonmu. 'Yan Pakistan suna zuwa, Larabawa suna zuwa, sai a ce limamin Hausawa ɗan dako ne? Har tsutsa a aljihu?"

Tabarmar da ke hannuna ta suɓuce. Malam bai waiwayo inda nake ba. Sai ya dubi Alhaji Sanda.

"Alhaji, har da kai?"

"Liman... Malam, jama'a ce. Ka san jama'a."

Malam ya gyaɗa kai, ya wuce ya tsaya a ƙarshen sahu. Dakta ya ja salla. A raka'a ta biyu ya tsallake aya, wuri ya yi tsit, sai muryar Malam ta taso daga baya ta gyara masa. Huɗuba kuwa daga takarda ya karanta, iska tana kaɗa ta.

Aka kayar da ragon Dakta. Sabuwar wuƙa ya zo da ita daga kanti, ko wasawa bai yi ba. Sai a ja na uku ta shiga. Jini ya yi tsartuwa ya kama hannun shaddar, ya ja da baya yana yarfewa. Sannan ya juyo da fara'a, ya miƙa wuƙar.

"To Malam Muntari, bismillah, sauran naka ne. Harkar fata kam yanzu ai ba mu da gwani kamarka."

Wasu suka yi dariya. Malam bai karɓa ba.

"Shekara shida, wanda ya ja salla shi yake hura rago. Ko kwamiti ya canja wannan ma?"

Ya je ya zauna a kan wani kututture, ya harɗe ƙafa.

Mu a wajenmu ba a feɗe rago sai an hura shi. A tsaga fatar ƙafar baya kaɗan, a zura tsinke a buɗa hanya, mutum ya kafa bakinsa a wurin ya yi ta busawa har dabbar ta kumbura kamar salka, fata ta rabu da nama. Dukansu sun sha ganin Malam yana yi, suna tsaye suna hirar siyasar gida. Dakta ya dubi mutanen kwamitinsa, kowa ya sami abin kallo a wani wuri. Ya tattare rigarsa, ya durƙusa, ya tsaga, ya kafa baki. Kumatunsa suka cika, idanunsa suka firfito, ragon ko motsi. Ya ɗago da gashi da jini a leɓe, ya tofar, ya sake kafawa. A karo na uku ya kau da kai ya yi ta kakarin amai.

"Ba sai an hura ba," in ji shi, yana goge baki da bayan hannu. "Turawa ba sa hurawa."

Ya ɗora wuƙa a cikin ragon ya danna da ƙarfi. Ta zarce ta huda tumbi. Koren abin ciki ya yi feshi, ya wanke masa gaban riga tun daga aljihu har gwiwa, sauran ya kwarara a kan naman. Kafin ka ce me, ƙudaje sun taso daga garken Bature kamar an yi musu shela. Hajiya Aminatu ta ruga bayan mota da mayafi a fuska. Tsohon mai gonar, wanda ya jingina da shinge yana taunar taba, ya tsartar da yawu ya juya ya tafi.

Na zaci zan ji daɗi. Ban ji ba. Zuciyata ce kawai take tashi, kuma ban san wanne ne yake tayar da ita ba, warin tumbin ko manyan mutanen nan da suka kewaye gawar rago ɗaya da hannu a baya, kowa yana ba da shawara da Turanci.

Aka ɗauki kusan awa guda a haka. Rana ta ɗaga. Raguna biyar suna ɗaure suna kuka, na ƙasa kuwa ya fara sauya launi. Alhaji Sanda ya cire hularsa ya share gumi, ya taka har gaban kututturen, ya rusuna, dattijo da furfurarsa.

"Liman, don girman Allah. Layya ce. Kar ta lalace a hannunmu."

Malam ya dubi ragon.

"Dabbar dai ba ta yi wa kowa laifi ba," in ji shi.

Ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini, ya ɗauko tsohuwar wuƙarsa daga mota. Ya fara da na Dakta, ya yanke inda ya ɓaci, ya sa aka yi ta kwara ruwa. Sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya yanka, ya hura, ya bubbuga cikin da tafin hannu, ya zare fata kamar mai tuɓe wa yaro riga. Wata uku na jan ƙirgi sun sa kafaɗunsa sun buɗe, shi kaɗai yake ɗaga rago ya rataye a reshe. Bakin kowa kuwa ya dawo.

"Sannu, Liman."

"Liman, ga ruwa."

"Liman, cinyar nan a raba mini biyu, ka san firijin namu ƙarami ne."

Ina gefe ina wanke hanji, ina ƙirga Liman ɗin nan a zuciyata, ina cewa to, sun ji kunya, magana ta mutu.

Azahar ta yi daidai da gama na shida. Malam ya je famfon gonar ya wanke da sabulu har kafaɗa, ya yi alwala, ya karɓi rigarsa ya saka. Aka tayar da iƙama, maza suka jeru. Dardumar gaba tana shimfiɗe babu kowa a kanta. Malam yana tsaye a cikin sahu, kuma na san shi, ba zai taɓa tura kansa gaba ba sai an ce bismillah. Kalma ɗaya ce. Na zuba wa Alhaji Sanda ido. Shi kuwa yatsun ƙafarsa yake kallo.

Sai Dakta Abdulmumini ya gyara murya. Ya ari wata 'yar shara ya saka, amma wandon shaddar yana nan da koren tabo har ƙafa, ƙudaje biyu uku suna binsa. Ya taka ya hau dardumar, ya waiwayo ya ce a daidaita sahu. Babu wanda ya yi ko tari. Wanda ke kusa da Malam, wanda yanzun nan aka raba masa cinya biyu, ya ɗan ja jikinsa, ya bar tazarar tafin hannu a tsakaninsu.

Ina da alwala, amma ban bi su ba. Na koma mota na zauna, na yi tawa daga baya ni kaɗai. Hajiya Aminatu ta zo da gasasshiyar hanta a faranti.

"Kubura, ba ki taɓa hanta ba."

"Na ƙoshi, Hajiya."

"Ai kin san ni ban faɗa da wata manufa ba. Dakta ne kawai ya tambaye ni."

Na dube ta. Akwai maiƙo a haɓarta. Na ce mata a gai da gida.

La'asar sakaliya muka kama hanya, nama a but ɗin mota, Bebi ta yi barci a baya. Sai da muka wuce gonakin taba muka hau babban titi sannan na iya buɗe baki.

"Malam, wandonsa duk kashin tumbi ne, kuma ya ja salla."

"Na rago ba najasa ba ne. Sallarsa ta yi."

Na so ya zage shi, ko sau ɗaya, don in sami inda zan raɓa. Ya ƙi. Muka ƙara tafiya.

"Malam, ni na faɗa wa Hajiya."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya ce aljihu. Mutum nawa ne suke sa hannu a aljihuna?"

"Ba ka yi fushi ba?"

"Na yi. Da safe na yi sosai. Wajen rago na huɗu na gaji." Ya canja giya. "Ke wari ya dame ki, kuma warin akwai shi, ni ma ina ji. Su ban san abin da ya dame su ba."

Na juya ina kallon waje, don kar ya ga fuskata. Da muka shigo unguwa ya ce daga wannan makon ba zai riƙa tasowa da asubar Juma'a ba. Heluma ya daɗe yana gaya masa cewa wanda ke tsallake Juma'a ba zai taɓa fita daga sahun sababbi ba. Sai Asabar zai riƙa zuwa.

"To Juma'ar fa? Wa zai ja?"

"Suna da liman."

Bai sake jan salla a Greensboro ba. Ni ma na rage zuwa taron mata, ran da na je kuwa a bakin ƙofa nake zama, wajen takalma, babu mai matsawa. A watan Nuwamba matar wani Dakta Iliyasu ta haihu. Ana jibi suna waya ta yi ƙara da rana, na ɗauka. Alhaji Sanda ne. Ya gaishe ni, ya tambayi Bebi, ya tambayi sanyi, ya yi ta kewaye-kewaye. Can ya ce Dakta Abdulmumini ne zai raɗa suna, amma jama'a sun ce a tambaya ko Malam zai samu zuwa da wuƙarsa, saboda ragon.

Na ce masa yana cikin jirgi.